Burtalin Baffa Abbo a Cikin Kwamfuta

Ranar Litinin da safe na ce wa kwamfuta ta buɗe mini fayil ɗin burtali, ta ce babu shi.

Ban damu ba da farko. Yatsuna sukan zame, musamman in ban karya ba. Na sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi. Ta sake cewa babu. Na buga ls, umarnin da ke jero wa mutum sunayen abin da ya ajiye, sai ga sunan nan a zaune, burtali, tsakanin wasiƙu da rahoton rigakafin shanu. Sunan yana nan ina kallonsa, amma in na ce buɗe, sai ta ce ba ta san shi ba.

A shekarar 1996 ne, ina aikin buga takardu a wani ofishin kula da kiwo a unguwar Barade. Karatuna bai yi nisa ba, aji biyu na yi a sakandare na tsaya. Da tafireta na fara, Anti Lois mai kula da kwamfutar ofishin ce ta ga ba na gaggawa ta ce zan iya kwamfuta, ta zaunar da ni ta koya mini. Kwamfutar guda ɗaya ce, babba, tana can ɗaki mai sanyi, mu kuma muna da allo uku masu koren rubutu. Babu hoto babu komai, ka buga umarni ta amsa maka. Kowa yana da wurinsa a cikinta inda yake ajiye aikinsa, Anti Lois tana kiran wurin ɗaki. Akwai ɗakinta, akwai nawa, akwai na Oga Benjamin, shugaban ofishin.

Shi wannan fayil, maganar Baffa Abbo ce a ciki. Dattijo ne da ya yi shekara hamsin yana kora shanu daga gindin duwatsu zuwa fadamun bakin Binuwai in rani ya kama. Tunda Jalingo ta zama babban birnin jiha, gari yake ta cin daji, ana yanka filaye. Oga ya ce a rubuta hanyar shanun nan tun kafin a ɗora gidaje a kanta, a kai wa kwamitin filaye su bar ta. Mako uku Baffa Abbo yana zuwa a kan acaɓa, ya zauna kusa da ni ya lulluɓe da bargo saboda sanyin ɗakin, yana faɗa ina bugawa. Alama arba'in da ɗaya ya ba ni. Tsamiya kaza, dutse mai kama da tukunya, mashaya, inda hanya ta yi faɗi, inda ta matse har sai an jera shanu biyu-biyu, da taku nawa ne tsakanin wannan da wancan. Ba mu fitar da shi a takarda ba, domin ribin na'urar bugawa ya bushe, an aika a kawo bai iso ba.

Mun gama da kamar mako biyu Baffa Abbo ya faɗi a ƙofar masallaci. Hawan jini aka ce. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya daina aiki.

Kwamitin kuma zai zauna ranar Alhamis ta mako mai zuwa.

Na kashe allon na kunna, ban san dalili ba. Daga nan na ɗauki hulata na taka zuwa unguwar Turaki, gidan Anti Lois. An yi mata canjin wurin aiki zuwa Wukari, ranar Juma'a ta miƙa aiki, motar kayanta za ta zo ranar Laraba. Na same ta a tsakar gida ta ɗaura zani a ƙirji, tana naɗe farantai da tsohuwar jarida tana jerawa a kwali.

"Hayatu! Kwana uku kawai, har ka yi kewana? Zo ka riƙe mini wannan igiya."

Na riƙe igiyar ta ɗaure. Sannan na ce, "Anti, burtali ba ya buɗuwa."

"Ka buga daidai?"

"Sau shida."

"Sunan yana nan?"

"Yana nan, Anti. Shi ne abin da ya ɗaure mini kai."

Ta tsaya da faranti a hannu. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta shiga ɗaki ta sa riga, muka fito. A hanya ba ta gaisa da kowa ba, ita da ba ta wuce ko mai gyaran takalmi ba ta tsaya ba.

Da muka isa ta zauna a kujerata ta buga ls -l. Wannan shi ke jero suna da bayaninsa duka, ni ban cika amfani da shi ba saboda yana cika allo. Layin ya fito kamar haka:

burtali -> /usr/lois/burtali

Ta ɗora yatsa a kan kibiyar nan ta ce, "Yesu na." Ta daɗe yatsan yana wurin.

"Ka ga wannan kibiya? Ka gan shi?" Ita Hausarta haka take, ba ta raba mace da namiji. "Wannan da ke ɗakinka ba fayil ba ne, Hayatu. Nuni ne. Yana cewa ka je ɗakin Lois, abin yana can. Simbolik link ake ce masa. Ka tuna ni na fara buga maganar Baba kwana biyu kafin na bar maka? A ɗakina na fara. Da na bar maka sai na buga ln -s na sa maka nuni, don kar ka yi ta buga dogon suna. Duk mako ukun nan kana rubutu ta ƙofarka, yana sauka a ɗakina."

"To mu je ɗakinki mu ɗauko."

"Na share ɗakina ranar Juma'a. A gabanka."

Sai na tuna. Miƙa aiki a ofishinmu yana da tsari, tun zamanin da ake ƙarƙashin jihar Gongola haka ake yi da fayil na kwali. Mai tafiya zai riƙe takarda yana karanta sunayen fayil, mai karɓa yana duba nasa wurin yana cewa yana nan, ana yin maki. In an gama su sa hannu, Oga ya buga hatimi. Haka muka yi ranar Juma'a. Ta karanta, "Burtali." Na duba allo na ga sunan na ce, "Yana nan." Ta yi maki da jan biro. Da muka gama ta ce kwamfuta ta cika, wanda zai gaje ta yana buƙatar wuri, ita kuma ba ta barin datti a bayanta. Ta share ɗakin tas. Har lemo aka sha bayan nan.

Na ce, "Ni na ce yana nan."

"Ni na sa nunin, ni na manta. Kar ka ƙwace mini laifina, yaro."

Oga Benjamin ya shigo ya same mu kamar masu zaman makoki. Anti Lois ta yi masa bayani, rabi da Turanci. Ya yi faɗa sosai, ya buga tebur, ya ce shi dama bai taɓa yarda da abin da ba a iya sa masa kwaɗo a rufe ba. Ya tambayi kaset ɗin da ake kwafe aiki a kai, ta ce na ƙarshe tun watan Yuni ne, kafin Baffa Abbo ya fara zuwa. Ya fita, ya dawo, ya ce mini, "Kai da ka buga da hannunka, ba ka riƙe komai ba?"

Na zauna da takarda har azahar. Na tuno goma sha huɗu, amma ban san wacce ke gaban wacce ba, kuma taku ko ɗaya ban riƙe ba. Oga ya duba ya ce in aka kai wannan gaban kwamiti dariya za su yi, su yanka filinsu.

Babu abin da ya rage sai a koma wurin Baffa Abbo. Ni kuwa kunya ta cika ni. Mutum ya bar gidansa mako uku yana shan sanyi, ya ba ka abin da ya tara shekara hamsin, ka je ka same shi a kwance ka ce ka zubar.

Ranar Talata da hantsi muka tafi, ni da Anti Lois, can ƙarshen Abbare. Ta sayi sukari da ganyen shayi. Muka same shi a rumfa an jingina shi da matashi, ya rame, amma ya gane ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da jam, wato lafiya da Fulatanci, kalmar tana fita ta gefen baki. Matarsa Goggo Fanta ta shimfiɗa wa Anti Lois tabarma, ta koma gefe tana wanke ƙorai.

Na yi ta kewaye-kewaye, ya jiki, ya shanu, an ce an yi ruwa jiya a Kona. Anti Lois ta gaji ta ce, "Baba, sori. Maganar da ka ba mu, na share shi. Ba da sani ba. Hayatu ba ruwansa."

Ya kalle mu. Sannan ya ce wani abu ban ji ba, na matso da kunnena.

"Akwatin nan mai sanyi," in ji shi, "ba ku ce ba ya mantuwa ba?"

"Mun ce, Baffa."

Kafaɗarsa ta fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake. Ya nuna littafin da ke hannuna da haɓa, wai in buɗe.

Ya fara daga gindin dutse kamar wancan karon. Kalma ɗaya sai ta ci lokacin da jimla take ci a da. Ya ba ni bakwai lafiya lau. A ta takwas ya ce kuka mai rami, ya tsaya, ya ce a'a mashayar jan yashi, ya sake komawa kuka. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya rufe ido ya ce mashaya ce, rubuta mashaya.

"Ƙarya ne," in ji Goggo Fanta daga wurin ƙorai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Duk muka juya.

"Kuka ce a gaba. A gindinta na haifi Uwani, kana can kana neman ɗan maraƙin da ya ɓata. Sai da na kwana biyu muka isa mashaya, ni ce a kan jaki, ina zan manta?"

Baffa Abbo ya buɗe ido ya ce wani abu da Fulatanci, ta mayar masa da sauri. Na ji kaɗan-kaɗan, cewa yake mace ina ta san burtali, ita kuma ta ce shi bayan shanu yake kallo, ita ce mai kallon ƙasa tana neman inda za a kafa bukka da inda itace yake.

Anti Lois ta ja tabarmarta zuwa wurin ƙorai. "Mama, daga mashaya sai ina?"

"Sai gawo biyu masu kallon juna. Nan ne ƙoshiyata ta faɗa rami. Ya ce zai sassaƙa mini wata, har yau ina jira."

"Shekara talatin," in ji Baffa Abbo.

"Da biyu."

Haka muka samu hanya. Shi yana da suna da taku, ita tana da jeri, domin kowane zango akwai abin da ya same ta a wurin. Nan aka yi wa ɗansu Manga kaciya. Nan wata Bamumuya ta ba ta doya ta ba ta nono, suka yi ƙawance shekara tara ba mai jin yaren wani. In suka saɓa sai in ajiye biro su yi ta yi, wani lokaci shi ya ci, yawanci ita. In ya gaji sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Ɗana, ya isa, gobe." Ba ma ƙara ko kalma.

Ranar Laraba motar kaya ta zo. Anti Lois ta sa mijinta Simeon ya bi ta da yara, ita ta zauna da jaka ɗaya a gidan wata ƙawarta. Da safe muna Abbare, da rana ina bugawa tana karanto mini daga littafi.

Ranar da na fara bugawa ta ce in tsaya tukuna. Ta goge nunin nan da ba ya nuna komai, ta sa na buɗe sabon fayil a ɗakina, nawa na kaina. Sannan ta ce, "Da wannan na yi maka tun farko, da yanzu ina Wukari ina jera kujeru. Duba." Ta buga ln burtali /usr/oga/burtali, babu -s a ciki. Ta buga ls -l ta nuna mini wata lamba a farkon layi, da ɗaya ce, yanzu ta zama biyu. Babu kibiya.

"Wannan had link ne. Ba nuni ba ne. Abu ɗaya ne, suna biyu, kowane suna na gaske. Ka share naka, na Oga yana riƙe da shi. Sai lambar nan ya koma sifili kafin kwamfuta ya zubar."

Ta ga fuskata ta san ban yarda ba. Ta sa na yi wani ɗan fayil na gwaji, na rubuta sunana a ciki, na ba shi suna na biyu, sannan ta ce in share na farkon. Yatsana ya ƙi sauka. Ta ce, "Danna mana, ba ya cizo." Na danna. Na buɗe na biyun, ga Hayatu nan a rubuce.

Na ce, "To ashe kwafi ne."

"Ba kwafi ba ne! Kar ka sake ka faɗi haka a gaban wanda zai zo. Ka ɓata layi ɗaya a naka, na Oga ya ɓaci, tunda abu ɗaya ne. Kwamfuta ya ƙone, duka biyu sun tafi. Don haka yau za ka je makarantar nan ta bayanmu ka roƙo ribin, kullum abin da muka buga mu fitar a takarda."

"Me ya sa ba ki yi wannan ba wancan karon, Anti?"

"Na saba da mai kibiya. Shi yana tsallaka daga faifai zuwa faifai a cikin kwamfuta, wannan ba ya iyawa. Kuma ranar ina sauri, muna da koyon waƙa a coci." Ta goge fuska da gefen ɗankwali. "Karanta mini ta tara."

Ranar Asabar muka kai bakin fadama a rubutunmu, ƙarshen burtali ke nan. Na ƙirga, talatin da shida. Biyar sun ɓace, duk a wuri ɗaya, tsakanin wani rafi da suke kira Mayo Ɓaleri da wani tudu mai farar ƙasa. Baffa Abbo ya yi iya ƙoƙarinsa, sunayen ba su zo ba, har ya juya fuska ga zana ya daina magana. Goggo Fanta ta ce wannan yankin da rana tsaka ake wuce shi, ba a yada zango, ba abin da ya taɓa samunta a can. A cikin goma sha huɗun da na tuno ma babu ko ɗaya daga ciki. Na rubuta a wurin: nan ba a samu ba.

Oga Benjamin ya karanta takardun a tsaye. Ya kai wurin ya tsaya, ya ɗauko taswira ya auna da biro. Ya ce, "Kun san nan ne daidai inda suke son yanka sabbin filaye? In muka bar rami a nan, ta nan za su shiga."

Anti Lois tana riƙe da jakarta, motar Wukari tana tashi ƙarfe biyu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Goggo ta ce ba ta san sunayen ba. Ba ta ce ba ta san wurin ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya leƙa taga ya ƙwala wa direba kira, ya ce a duba tayoyin motar daji, ranar Litinin akwai fita.

Na raka Anti Lois tasha na riƙe mata jaka. Ta shiga ta zauna, ta leƙo ta ce in na dawo in buga mata waya ofishin Wukari, ko biyar ɗin sun samu ko ba su samu ba, kar in ɓoye mata.

Ranar Litinin Goggo Fanta ta fito da sabon mayafi da ƙwarya a hannu, wai ko za a samu nono a hanya. Baffa Abbo yana rumfa, ya ce mata wani abu, ta ce ta ji, ba yau ta fara tafiya babu shi ba. Oga ya bar mata gidan gaba ya dawo baya kusa da ni. Ba ta taɓa shiga irin motar ba, ta riƙe ƙofa da hannu biyu har muka bar kwalta.

Da muka tsallaka rafin Mayo Ɓaleri ta saki ƙofar ta dafa hannun direba.

"Kai ɗan nan, ina za ka da gudu haka? Shanu ba sa wannan tafiyar. Ni a ƙafa na san wurin nan."

Direba ya rage har motar tana kuka. Ta ce bai isa ba, a tsaya. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta miƙa wa Oga ƙwaryar ya riƙe mata, ta shiga gaba. Muka bi ta a baya, ni da littafi, ina ƙirga taku. Mun yi tafiya mai ɗan nisa tana duban dama da hagu, har na fara jin tsoro. Can ta tsaya a gaban wani kututture da aka sare, an yi shuka kewaye da shi.

"Wannan ɗorawa ce da," in ji ta. "Nan shanu ke karkata hagu. Rubuta."

Na rubuta. Oga ya tambaye ta ko ta tabbata.

"Ka riƙe ƙwaryar da kyau," in ji ta. "Saura huɗu."